Bruce Onobrakpeya: Ɗan Urhobo Da Zariya Ta Koya Wa Zane

A wannan makon za mu leƙa Zariya, wadda ba ta da nisa da mu in an bi ta Funtuwa, domin mu waiwayi wani tarihi da ba kasafai muke jin sa ba.

An haifi Bruce Onobrakpeya ranar 30 ga Agusta, 1932, a Agbarha-Otor da ke Jihar Delta ta yanzu. A 1957 ya zo Zariya karatun zane a Kwalejin Fasaha, Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Nijeriya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Yawancin malamansa Turawan Ingila ne, darasin kuma na Turai ne zalla. A 1958 shi da su Uche Okeke, Demas Nwoko da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar ɗalibai masu zane ta Zariya. Ra'ayinsu shi ne a karɓi dabarar Bature, amma abin da za a zana ya fito daga gida: tatsuniya, adon bango, saƙa da sassaƙa.

Fannin da ya yi fice a kai shi ne zanen ɗab'i. Aikin kamar na hatimi ne. Ana sassaƙa hoto a jikin katako ko farantin ƙarfe, a shafa tawada, a danna takarda a kai, sai hoto ɗaya ya haifi kwafi da yawa. A 1967 ruwan asid ya cinye masa wani faranti fiye da kima. Maimakon ya yar, sai ya cike ramukan da gam mai tauri, ya buga. Abin da ya fito ya fi wanda ya nufa kyau, kuma daga nan ya samo salon da aka san shi da shi har Amurka da Turai.

Abin da ya fi shafar mu marubuta shi ne littafin Cyprian Ekwensi na 1962, An African Night's Entertainment. Labarin a ƙasar Hausa yake, har masu nazari sun daɗe suna nuna kamanninsa da Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East. Wanda ya zana hotunan cikinsa shi ne wannan ɗan Urhobo. A shekarun 1980 kuma ya yi jerin ayyuka a kan fari da kwararowar hamada a yankin Sahel, matsalar da manomanmu suka fi kowa sani.

Duk da sunan da ya yi bai raina aji ba. Ya koyar da zane a Kwalejin St. Gregory da ke Legas daga 1963 zuwa 1980. A 1998 ya buɗe taron horaswa na shekara-shekara a garinsu, ya sa masa sunan hunturu, inda ƙwararre da ɗan koyo suke zama tabarma ɗaya.

To mu fa? A Tafoki, Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa muna da masu ɗinkin hula, masu zanen ƙwarya da masu zayyanar allo. Hannun yana nan. Amma yaron da aka kama yana zane a bayan littafi, sau da yawa faɗa yake sha, a ce wasa yake. Mu kuma idan mun gama rubuta littafi, sai mu ciro hoton wata baƙuwar fuska daga intanet mu manna a bango, alhali labarin na Mairuwa ne ko Dandume.

Idan ba mu raini masu zana mu ba, wasu za su zana mu, kuma abin da suka ji a labarai kawai za su zana. Yankinmu ya sha wahala a 'yan shekarun nan, amma ba wahalar ce kaɗai kamanninmu ba.

Shawararmu ƙarama ce. Duk mai littafi a hannu cikinmu ya nemi matashin garinsu mai zane, ya ba shi aikin bango, ya biya shi, ya kuma rubuta sunansa a ciki. Wanda ya san irin wannan matashi ya gabatar mana da shi, mu ga aikinsa.

Allah Ya zaunar da yankinmu lafiya, Ya sa albarka a hannun yaranmu.