Zuriyar Sarauniya Amina: Sunan da Jerin Sarakuna Ya Tsallake

Da wuya a sami ɗan Arewa da bai taɓa jin sunan Amina ta Zazzau ba. Akwai kwalejin 'yan mata mai sunanta a Kaduna, akwai kuma ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Ahmadu Bello. Amma idan aka tambaye mu 'yar wa ce, kuma yaushe ta rayu, sai mu tarar ko masana ba su zama baki ɗaya ba.

Ga yadda labarin Zazzau ya jera gidansu. Amina 'yar Bakwa Turunku ce, mai sarautar da aka ce ta fara wajen 1536. Garin Turunku yana nan har yau a ƙaramar hukumar Igabi ta Jihar Kaduna. Tana da ƙanwa Zariya, wadda aka ce birnin Zariya ya ci sunanta, da ɗan'uwa Karama, wanda ya yi sarauta daga 1566 zuwa 1576. A zamaninsa ne Amina ta yi suna a fagen yaƙi, bayan rasuwarsa kuma ragama ta koma hannunta. An ce ba ta yi aure ba, ba ta bar ɗa ba.

To, a nan ne zance ya rabu. Littafin Tarihin Kano ya sa ta a zamanin Sarki Dauda, daga 1421 zuwa 1438, wato kusan shekara 150 kafin lissafin Zazzau. Ya ce ta yi shekara 34 tana yaƙi har Kwararrafa da Nupe, Sarkin Nupe kuma ya aiko mata da goro 10,000. Muhammadu Bello, a littafinsa Infaƙul Maisuri na 1812, ya kira ta 'yar Sarkin Zazzau, ya ce ta rasu a Atagara. Shi kuwa tsohon jerin sarakunan Zazzau, sam babu sunanta a ciki. Hatta Bakwa Turunku, wasu sun ce mahaifiyarta ce, wasu sun ce mahaifinta ne.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Jerin sarakuna yana bin maza ne da gadon karaga, an kuma daɗe ana riƙe shi da ka kafin a rubuta. Macen da ba ta bar magaji ba, babu mai neman sarauta da zai dage kan sunanta. Mu duba ƙasar Jamus: Hedwig ta gidan Andechs ta rasu a 1243, tun kafin Amina, amma an san mahaifinta Berthold, da 'yar'uwarta Gertrud, da 'yar Gertrud, Alisabatu ta Turingiya, domin gidajen ibada sun rubuta sun adana.

Idan sunan sarauniya mai rundunar yaƙi ya kusa salwanta haka, ina ga na kakanninmu mata? Da yawa cikinmu a Gusau da Tsafe da Bungudu muna iya lissafa kakanni maza uku ko huɗu, amma uwar kakarmu sai dai mu ce “Inna”. Ga shi rashin tsaro ya raba iyalai da ƙauyukansu, tsofaffin da suka san asali suna ta tafiya.

Bisharar Matiyu, da take jera asalin Yesu Kiristi, ba ta tsallake Tamar da Rahab da Rut da matar Uriya da Maryamu ba. Mu ma kada mu tsallake namu. A makon nan kowa ya ɗauki biro da littafi, ko waya, ya zauna gaban dattijuwar gidansu. Mu tambayi sunan yanka na uwarta da na kakarta, garin da aka haife su, da gidan da suka yi aure. Mu rubuta, mu raba wa 'yan'uwa.

Ubangiji ya taimake mu. Amin.