Yadda ake yi wa kai allura a tsokar cinya

Allurar tsoka ita ce wadda ake shigar da magani cikin nama, inda jini ke saurin ɗaukarsa. Ga mai yi wa kansa a gida, cinya ce ta fi dacewa, domin yana ganin wurin, kuma gefenta na waje ya yi nesa da babbar jijiyar ɗuwawu, wadda sukarta kan jawo shanyewar ƙafa.

Ana raba cinya gida uku daga kwankwaso zuwa gwiwa, a zaɓi na tsakiya ta gefen waje. Bayan wanke hannu, a goge wurin da sifirit, a bari ya bushe, sannan a soka sabuwar allura a miƙe. Ta babban mutum kan kai inci 1 zuwa 1.5. A tura maganin a hankali, a riƙa sauya cinya, a jefa tsohuwar allurar cikin roba mai kauri da murfi.

Ba kowane magani ne na tsoka ba. Insulin ƙarƙashin fata ake yin sa. Saboda haka sai likita ya rubuta, ma'aikacin jinya ya koyar. Kumburi mai mugunya, zazzaɓi ko sarƙewar numfashi na buƙatar asibiti nan take.