Tarihin Dogon Agogo a Ƙasar Amurka da Maƙeransa na Farko

Gabatarwa

Dogon agogo shi ne wanda ake girkewa a ƙasa cikin akwatin katako da ya zarce tsawon mutum. Wannan maƙala za ta bibiyi yadda ya shiga Amurka, da mutanen da suka ƙera shi, da kuma dalilin da ya sa sana'ar ta durƙushe. Tambayar da za mu riƙe a zuci ita ce: idan an ga sunan mutum ɗaya a fuskar agogo, hannaye nawa ne suka yi aikin?

Asalinsa

A shekarar 1656 ne Christiaan Huygens, wani masani ɗan ƙasar Holan, ya ƙera agogo mai lilo, wato wanda wani sandan ƙarfe mai nauyi a ƙarshensa yake kai da komo yana daidaita tafiyarsa. Wajejen 1670 maƙeran Landan suka samo dabarar da ta ba lilon damar yin tsawo, kimanin mita guda, yana kaiwa gefe ɗaya a cikin daƙiƙa ɗaya. Wannan lilo da kuma ƙarafa masu nauyi da suke jan injin suna buƙatar kariya daga ƙura da iska da hannun yara. Don haka larura ce ta haifar da dogon akwatin. Ado daga baya ya biyo.

Maƙeran Farko

Baƙi daga Turai ne suka kai sana'ar Amurka tun tana ƙarƙashin mulkin Ingila. Daga cikinsu akwai Peter Stretch (1670–1746), wanda ya baro Ingila ya zauna a Filadalfiya a farkon ƙarni na 18, ya kuma koyar da ƴaƴansa sana'ar.

David Rittenhouse (1732–1796) shi haifaffen Amurka ne. Ya haɗa ƙirar agogo da ilimin taurari, ya yi nazarin giftawar tauraruwar Zahra ta gaban rana a 1769, sannan a 1792 ya zama shugaban farko na gidan buga kuɗin ƙasar. A wancan zamani, wanda ya iya yanka haƙoran faifan agogo daidai wa daida, shi ake nema idan ana son na'urar awon ƙasa ko ta duban taurari.

A yankin Bostan kuwa, zuriyar Willard ce ta yi fice: Benjamin da Simon da Ephraim da Aaron. Sun tashi a garin Grafton, inda gidansu ya zama gidan tarihi, daga bisani Simon (1753–1848) da Aaron suka kafa shaguna a Roxbury.

Ya kamata a ambaci Benjamin Banneker (1731–1806), baƙar fata mai ƴanci a Maryland, wanda a wajejen 1753 ya sassaƙa agogo mai buga awa da katako. Nasa ba na sayarwa ba ne, amma ya nuna cewa basira ba ta san launin fata ba, a lokacin da ake bautar da ƴan'uwansa.

Hannu Da Yawa

Dogon agogo aikin taron dangi ne. Maƙeri yakan haɗa injin da tagulla da ƙarfe. Mai kyau yakan yi kwana takwas kafin a sake murɗa shi da makulli, mai araha kuwa awa 30. Kafinta ne yake yin akwatin da itacen goro na Turawa ko ceri ko mahogani. Daga shekarun 1770, fuskoki farare masu zane da yawa daga Birmingham ta Ingila ake shigo da su, wasu da hoton wata mai nuna tsayuwarsa da cikarsa, abin da ke da amfani ga matafiyin dare. Shi kuwa mahogani daga yankin Karibiyan yake zuwa, inda bayi ƴan asalin Afirka suke sare shi. Duk da haka, sunan maƙeri kaɗai ake rubutawa a fuska. Saboda wannan wahala, agogon ya yi tsada ƙwarai, sai mai hali ke mallakarsa, har akan sa shi cikin wasiyya tare da gona da gida.

Faɗuwar Sana'ar

Canji ya zo ne daga jihar Connecticut. A 1807 Eli Terry (1772–1852) ya karɓi kwangilar ƙera injinan agogo 4,000 na katako cikin shekara uku, adadin da babu maƙerin da zai iya cim masa da hannu. Sai ya yi amfani da injinan da ruwan kogi ke juyawa, yana fitar da sassa iri ɗaya waɗanda kowanne zai shiga gurbin ɗan'uwansa. Seth Thomas da Silas Hoadley suna cikin waɗanda suka yi aiki tare da shi. Ƴan koli suka riƙa yawo da injinan ƙauye-ƙauye, mai saye ya nemi kafinta ya yi masa akwati, ko ya rataye shi haka nan a bango.

A 1816 Terry ya yi rajistar ƙaramin agogon da ake ɗorawa a kan kanta, mai zuwa da akwatinsa. Manomi ya sami abin duba lokaci, amma maƙerin da ya shafe shekaru yana koyon sana'a ya rasa kasuwa. Zuwa shekarun 1830 ƙirar dogon agogo da hannu ta ja baya matuƙa. Sunan da aka fi saninsa da shi a yau, wato “agogon kaka”, sai a 1876 ya bazu ta dalilin wata waƙa ta Henry Clay Work, bayan agogon ya riga ya zama kayan gado.

Kammalawa

Wannan tarihi ya nuna cewa araha da ta amfani jama'a ita ce ta kashe sana'ar ƙwararru. Ya kuma koya wa mai nazari kada ya tsaya ga sunan da ke rubuce. Duk wanda ya tsaya gaban irin wannan agogo a gidan tarihi, to ya tuna da kafinta da mai zane da almajirin maƙera da bawan da ya sare itacen, domin su ma aikinsu ne yake bugawa.