Fijo 504 Ma Tarihi Ce

Jama'a, a 1964 Ford Mustang ta fito, amma har yau a Amurka akwai masu riƙe da tsofaffin, suna gyarawa, suna bar wa 'ya'ya gado. Mu tamu ita ce Fijo 504. Kamfanin PAN ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, bai daina 504 ba sai 2006. Ita ta yi jigilar magabatanmu ɗalibai daga tashar Jimeta zuwa Zariya. Yau 'yan gwangwan ke sayenta a kilo!

'Yan'uwa, in akwai guda a gidanku a Damilu, ku rufe ta da tamfol, ku adana takardunta, ku naɗi hirar bakaniken da ya san injinta tun yana raye.