Abin da gonakin inabi suka rufe

A jihar New York ta Amurka akwai tabkuna 11 masu siffar yatsu, Finger Lakes, inda masu yawon buɗe ido ke kewaya gonakin inabi da motocinsu. Dā can, masarar ƙabilun Seneca da Cayuga ce ke tsiro a nan. A 1779, lokacin yaƙin neman ƴancin Amurka, George Washington ya tura Janar Sullivan ya ƙone ƙauyukansu kimanin 40, saboda sun goyi bayan Ingila. Turawa suka mamaye ƙasar. A 1829 wani limamin coci, William Bostwick, ya dasa inabi a Hammondsport. Masana'antar giya ta biyo baya a 1860. Har yau manyan tabkunan biyu suna amsa sunayen Seneca da Cayuga, amma an raba galibin masu sunayen da bakin ruwansu.