Daga Dokin Zage Zuwa Safaya: Tarihin Abin Ko-ta-kwana a Ƙasar Gumel

Duk direban da zai tashi daga Gumel zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, kafin ya tayar da mota sai ya duba safaya. Kalmar aro ce daga spare ta Turanci, amma ma'ana ɗaya tak Bahaushe ya ara, wato tayar da ake ajiyewa saboda faci. A bakin Bature kalmar tana nufin abin da aka ajiye don ko-ta-kwana, da abin da ya yi rara, da kayan gyaran inji, har ma da tsimi da yi wa mai laifi afuwa. Hausa ba ta buƙaci aron sauran ba, domin kowace ma'ana tana da sunanta tun kafin zuwan mota, kuma tarihin ƙasar Gumel ya nuna inda sunayen suka samo asali.

Masarautar Gumel ta Mangawa ce, ta kafu a ƙarni na 18, ta bi Barno, kuma ba ta shiga daular Sakkwato ba. A ƙarni na 19 ta sha gwabzawa da Haɗeja da Kano da Damagaram. A irin wannan yaƙi na mahaya, sarkin da dokinsa ya gaji ko aka soke shi yana cikin halaka idan babu wani a kusa. Wannan ne amfanin dawakin zage, waɗanda zagage ke ja da sirdi ba mahayi. Sarki Ahmadu ya miƙa wuya ga Turawan Ingila a 1903, yaƙi ya ƙare, dokin zage ya zama adon hawan Salla. Asalinsa dai safayar sarki ne.

Talaka kuwa nasa tanadin yana cikin rumbu. A ƙauyukan Sule Tankarkar da Gagarawa, inda damina gajera ce kuma ƙasa jigawa, maigida kan rufe rumbun gandu bayan kaka, samari su tafi cin rani, ba za a buɗe ba sai aikin gona ya kama. Hatsin da ya wuce bukatar shekara shi ne rara, wanda aka ɓoye saboda baƙar shekara kuwa rumbun tsimi. Bambancin ba na baki ba ne kawai: rara ana iya sayar da ita a yi biki, amma taɓa tsimi alama ce ta cewa gida ya shiga matsi. Yunwar 1913 zuwa 1914 da farin 1973 sun koya wa Arewa tsadar rasa shi.

Ma'ana ta uku, kayan gyara, ita ce baƙuwa. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya sauka Gumel a 1851, ya tarar da babbar kasuwar kanwa. Fataken da ke dakonta dabbobi suka dogara da su, kuma idan akumari ya yage ko gatari ya dakushe, baduku da maƙeri suna nan cikin gari. Ana gyara abu ne da hannu, ba a jiran wani ƙarfe mai lamba daga ƙetare. Layin dogo daga Kano zuwa Nguru, wanda ya ratsa Gagarawa aka kammala shi a 1930, da manyan motocin da suka biyo baya, su suka kawo injin da ba ya karɓar madadi sai irin nasa daidai. Ita kanta tayar ko-ta-kwana ba ta girmi layin da yawa ba: a 1904 wasu 'yan'uwa masu suna Davies suka ƙera ta a garin Llanelli na Birtaniya, suka sa mata suna Stepney, sunan da har yau ake kiranta da shi a Indiya.

Daga nan ma'anar tanadi ta sauya. Dokin zage a gida ake kiwonsa, hatsin tsimi a gona ake nomansa, amma kayan gyara da kuɗin waje ake sayensu. Bayan karyewar darajar naira a 1986, sabon kaya ya fi ƙarfin yawancin masu mota, sai aka koma ga na hannu, wanda ake kira ɗan Beljiyam ko ɗan Kwatano, kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ta zama madogarar makanikai. Rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, wanda ya shafi Maigatari har zuwa Disamba na 2020, ya sake nuna yadda abincin mutanen yankin ya rataya ga hanyar da ba su ke riƙe da mabuɗinta ba.

Shi ya sa famfon burtsatse ko injin ban ruwa kan yi watanni a kwance saboda ƙaramin ƙarfe guda, a ƙasar da kakanni ba sa fita yaƙi da doki ɗaya. Hukuma ko ƙungiyar da ta sayi inji ba ta ware kuɗin kayan gyaransa ba, ba ta gama sayayya ba. Hausawa sun riga sun faɗa: guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.