Yadda kaset ɗin Mario ya kai dala miliyan biyu

A watan Satumba na 1983, manyan motoci suka yi ta sauke kaya a wani juji da ke garin Alamogordo, a jihar New Mexico ta Amurka. Kayan kamfanin Atari ne da suka yi kwantai, ciki har da kaset ɗin wasan E.T. wanda aka haɗa cikin gaggawa a 1982, yara suka gwada suka ƙi shi. Aka binne, aka bi da kankare. A shekarar kasuwar wasan bidiyo ta Amurka ta durƙushe, kaset ya zama shara.

A watan Afrilu na 2014 aka tono jujin. Hukumar garin ta zuba kaset kusan 880 a eBay, ta tashi da sama da dala 100,000. Wani E.T. guda, duk da datti da lanƙwasa, ya haura dala 1,500.

Abin da ya canja cikin shekarun nan talatin shi ne yaran sun girma, sun kama aiki, suna neman abin da suka yi wasa da shi. Ga kuma eBay, da aka buɗe a 1995, ya haɗa mai tsohon kaya a ɗakin ajiya da mai nema a wata nahiya. Masu tara kaset na farko kuwa ƙarancin abu suke bi. Akwai Stadium Events, wanda Bandai ya fitar a Amurka a 1987, ba a daɗe ba Nintendo ya karɓi wasan ya sake masa suna, na farkon ya ɓace daga kantuna. A 2010 wata mata a North Carolina ta sa tsohuwar na'urar Nintendo da 'yan kaset a eBay, ba ta san Stadium Events da kwalinsa na ciki ba, sai ga tayi ya tsaya a dala 13,105. Akwai kuma kaset ɗin gasar Nintendo World Championships ta 1990, wanda masu ruwan zinari 26 kacal aka yi. Tsadar waɗannan tana da hujja, don ko da kuɗi a hannu sai an sha nema.

Tun a lokacin ma gwanjon intanet yana da cutarsa. A farkon 2014 an taya wani kaset ɗin gasar mai ruwan toka, wanda takardarsa ta yage, har dala 99,902, jaridu suka ɗauka, daga bisani mai tayin ya zame bai biya ba. Labarin tayin ya zaga duniya, na zamewar kaɗan suka ji. Daga nan duk mai tsohon kaset ya fara rubuta farashin da ya ga dama, sabon shiga kuma ya ɗauka haka ake sayarwa.

Babban juyin ya zo ne a 2018, da kafuwar kamfanin Wata Games. Aikinsa tantancewa: a aika masa kaset, ya duba kwali da ledar da aka naɗe shi da ita, ya ba da maki har zuwa 10, ya rufe a akwatin roba. Gidan gwanjo na Heritage Auctions da ke Dallas ya shiga sayar da su. A Fabrairun 2019 aka sayi Super Mario Bros. da ba a taɓa buɗewa ba a kan dala 100,150. A Yulin 2020 wani ya kai 114,000, a Afrilun 2021 kuma 660,000. Ranar 9 ga Yulin 2021 The Legend of Zelda ya kai 870,000, kwana biyu bayan nan Super Mario 64 mai maki 9.8 ya tashi a dala miliyan 1.56. A watan Agusta kamfanin Rally, mai sayar wa jama'a hannun jari a kayan tarihi, ya sallama wani Mario da ya saya dala 140,000 a kan miliyan biyu.

To, Mario dai ba abu ne mai wuyar samu ba. An sayar da Super Mario Bros. sama da miliyan 40, Super Mario 64 kuma kusan miliyan 12. Abin da ake biya wa kuɗi shi ne leda da makin da ke jikin akwati. Wanda ya ɓare ledar don ya buga wasan ya ƙona dukiyarsa da hannunsa.

Akwai kuma batun su waye masu sayen. Cikin waɗanda suka haɗa kuɗi suka sayi kaset ɗin 2019 har da Jim Halperin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Heritage, gidan da ke cin kamasho a kan kowane ciniki. Shi ma mai tantancewa, a lokacin ladansa na ƙaruwa ne idan darajar kaset ta ƙaru. Duk ɗan kasuwa ya san idan dillali ya zama mai saye, sai a sa ido. A Agustan 2021 wani ɗan Ostireliya mai suna Karl Jobst ya fitar da dogon bidiyo a YouTube yana zargin kamfanonin Wata da Heritage da hura farashi. Sun musanta. A Mayun 2022 wasu masu tara kaset suka maka kamfanin Wata a kotu a Kalifoniya. Da zaman gida na korona ya wuce, kuɗin da aka rasa inda za a zuba suka ja baya, farashin ya sauko sosai, waɗanda suka shigo a makare suka kwana ciki.

Mai karatu da ya buga Mario a shekarun 1990 kada ya yi saurin zazzage akwatin gida. Yawancin kaset ɗin da suka shigo kasuwanninmu, irin masu wasa 99 a ciki, na kwaikwayo ne daga Asiya, kuma gidajen gwanjon nan ba sa karɓarsu.